Polaris da PERT: Yadda Yaƙin Cacar Baka Ya Haifi Ilimin Tafiyar da Manyan Ayyuka

A ranar 20 ga watan Yuli na shekarar 1960, a tekun da ke daura da Cape Canaveral a jihar Florida, jirgin yaƙin Amurka mai tafiya ƙarƙashin ruwa, George Washington, ya harba makami mai linzami samfurin Polaris ba tare da ya taso saman ruwa ba. Shirin ƙera makamin bai cika shekara huɗu da farawa ba. Da aka shiga tambayar sirrin wannan sauri, sai rundunar sojojin ruwa ta riƙa nuna wa baƙi wasu manyan takardu masu cike da da'irori da kibiyoyi, tana cewa ga sirrin nan, sunansa PERT. Daga waɗannan takardu ne wani ɓangare babba na ilimin tafiyar da manyan ayyuka ya samo asali.

Kafin lokacin, abin da masu kula da ayyuka suka dogara da shi shi ne jadawalin Henry Gantt, injiniyan Amurka da ya rasu a 1919. Jadawalinsa mai sauƙi ne: a jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, a jera ranaku daga hagu zuwa dama, a ja wa kowane aiki layi gwargwadon tsawon lokacinsa. An yi amfani da shi wajen ƙera makamai da jiragen ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani injiniyan Poland, Karol Adamiecki, ya riga shi ƙirƙiro makamancinsa tun 1896, sai dai aikinsa bai yaɗu a ƙasashen da ke magana da Turanci ba. Raunin jadawalin Gantt shi ne ba ya nuna wane aiki ne ke jiran wane. Idan abu ɗaya ya makara, ba a ganin sauran abubuwan da zai ja su makara tare da shi.

Wannan rauni ne ya tsaya wa Polaris a gaba. A ƙarshen 1955 rundunar ta kafa Ofishin Ayyuka na Musamman a ƙarƙashin Admiral William Raborn, a watan Disamba na 1956 kuma aka amince da shirin Polaris. Ana buƙatar sabon makami mai amfani da daskararren makamashi, da ƙaramin kan nukiliya, da na'urar da za ta gaya wa jirgi inda yake a tsakiyar teku, da shi kansa jirgin. Duk a lokaci guda ake ƙirƙirar su, a hannun dubban kamfanoni da 'yan kwangila. Ana cikin haka sai Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a ranar 4 ga Oktoba, 1957. Hankalin Amurka ya tashi, aka matso da wa'adin aikin kusa.

A 1958 ofishin Raborn, tare da kamfanin ba da shawara na Booz Allen Hamilton da kamfanin Lockheed, suka fito da PERT. Ana karkasa aiki zuwa ƙananan matakai, a haɗa su da kibiyoyi masu nuna abin da dole a gama kafin a fara na gaba. Mai gina gida ya san wannan: ba a ɗora rufi sai bango ya kai linta, ba a tayar da bango sai harsashi ya zauna, amma kafinta na iya haɗa ƙofofi a gefe tun ana haƙa. Idan aka bi kibiyoyin daga farko zuwa ƙarshe, za a tarar da sarƙa guda da ta fi kowace tsawo. Ita ce ke yanke ranar gamawa. Kwana ɗaya da aka rasa a kanta, aikin gaba ɗaya ne ya rasa shi, sauran matakan kuwa suna da rarar lokaci.

Da yake yawancin abubuwan ba a taɓa ƙera irinsu ba, babu injiniyan da zai iya rantsuwa kan ranar gamawa. Saboda haka aka nemi kowa ya ba da ƙiyasi uku: idan komai ya tafi daidai, yadda aka fi tsammani, da kuma idan abubuwa suka cakuɗe. Sai a ninka na tsakiya sau huɗu, a haɗa da sauran biyun, a raba da shida. Wannan lissafi ya shigar da rashin tabbas cikin tsari maimakon a ɓoye shi.

A daidai wannan lokaci, Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand suna aiki kan wata dabara mai kama da ita, CPM, da taimakon kwamfutar UNIVAC. Damuwarsu ta kuɗi ce: idan za a rufe masana'anta domin gyara, nawa za a ƙara kashewa a rage kwanakin rufewar, kuma a wane mataki ne ƙarin ma'aikata zai yi amfani? Sun gwada ta a masana'antar DuPont da ke Louisville a jihar Kentucky, lokacin rufewar ya ragu sosai. Daga baya dabarun biyu suka gauraya, su ne tushen yawancin manhajojin tsara aiki na yau.

Nasarar Polaris ta sa sunan PERT ya bazu. A 1962 Ma'aikatar Tsaron Amurka da hukumar NASA suka fitar da jagorar haɗa shi da lissafin kuɗi, aka kuma wajabta shi a manyan kwangiloli. Kamfanonin gine-gine da jami'o'i suka rungume shi.

Sai bincike ya zo da wani bayani daban. A 1972 Harvey Sapolsky, masanin kimiyyar siyasa a jami'ar MIT, ya wallafa littafi kan shirin Polaris bayan hira da ɗimbin waɗanda suka yi aikin. Ya gano cewa injiniyoyi da 'yan kwangila da yawa ba su yarda da alƙaluman PERT ba, kuma ba da su ake yanke manyan shawarwari na fasaha ba. Babban amfaninsa, a ganin Sapolsky, shi ne ya zama garkuwa. 'Yan majalisa da masu binciken kuɗi da suka ga zane-zanen sukan gamsu cewa ofishin ya san abin da yake yi, su ƙyale shi ya yi aikinsa.

Abin da ya kawo saurin yana wani wuri. Shugaban rundunar, Admiral Arleigh Burke, ya ba Raborn takardar izinin zaɓar jami'an da yake so daga ko'ina. An ba shirin fifiko a kasafi. Shugaban sashen fasaha, Levering Smith, yana da ikon yanke hukunci, kuma a wurare masu wuya akan sa kamfani fiye da ɗaya su bi hanyoyi daban-daban, don idan wannan ta toshe waccan ta ɓulle. Sun kuma san abin da za su sadaukar. Domin cika wa'adi, suka amince samfurin farko ya yi tafiyar mil 1,200 na teku maimakon 1,500 da aka so. Jirgin George Washington ma ba daga tushe aka tsara shi ba: wani jirgi ne da ake kan ƙerawa aka yanke gida biyu, aka cusa masa sashe mai ɗaukar makamai 16.

A shekarun nan ne tafiyar da ayyuka ta zama sana'a mai zaman kanta. A 1965 aka kafa ƙungiyar ƙwararru a Turai wadda a yau ake kira IPMA. A 1969 aka kafa cibiyar PMI a Amurka, ta fara ba da shaidar ƙwarewa ta PMP a 1984. Birtaniya ta fito da tsarin PRINCE2 a 1996, a 2001 kuma masana manhaja 17 suka taru a Snowbird ta jihar Utah suka rubuta sanarwar Agile, wadda ta fifita saurin daidaitawa da sauyi kan riƙo da tsayayyen tsari.

Duk wannan ci gaba ne na gaske, kuma sanin sarƙar da ke riƙe da wa'adi ilimi ne da ya cancanci kowane injiniya da jami'in gwamnati ya koya. Amma wanda ya karanta tarihin Polaris da kyau zai gane cewa ƙasashe da hukumomi da yawa sun kwafi zanen, sun bar abin da ya sa zanen ya yi aiki. Jadawali ba ya sakin kuɗi a kan lokaci, ba ya ba manajan aiki iko, ba ya tilasta wa ɗan kwangila faɗin gaskiya game da jinkiri. Horar da ma'aikaci kan dabara wajibi ne, amma hukumar da ta tura shi kwas ta dawo ta hana shi iko da kuɗi da damar faɗin abin da ya gani, ita ce za ta ɗauki alhakin aikin da ya tsaya a hanya.