Littattafan Koyon Manhajar Ofis ta Kyauta: Yadda Ake Sakin Haƙƙinsu, da Amfanin Hakan ga Bahindi da Kewaye

Gabatarwa

Mun shirya wannan bayani ne domin ma'aikatan ƙananan hukumomi, da shugabannin makarantu, da magatakardan hakimai, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da masunta, musamman na Bahindi da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Bagudo. Ya shafi littattafai da takardun darasi da ake koyon aikin ofis na kwamfuta da su, wato buga wasiƙa, da shirya jadawalin lissafi, da tsara bayanin da za a haska a allo wurin taro.

Jama'a da yawa sun riga sun ji cewa akwai manhajar ofis da ba a biyan kuɗin lasisinta, kamar LibreOffice. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne, manhaja daban take, littafin koyonta daban yake, kuma kowanne da irin izinin da ke kansa. Ana iya ba manomi injin ban ruwa kyauta, amma a hana shi kwafar takardar da ta bayyana yadda ake gyara shi. Haka abin yake a ofisoshi da dama: manhaja a sake take, littafi kuwa a ɗaure.

Mun sha halartar bita inda ɗan kwangilar horaswa ya raba wa kowa ɗan littafi mai kyau, amma a shafin farko an rubuta da Turanci cewa an hana kwafa ko fassarawa ba da izini ba. A wata bita da muka je, ba a yi shekara ba aka sauya wa yawancin waɗanda suka samu horon wurin aiki, kowa ya tafi da littafinsa. Sababbin akawu suka zo ba abin da za su duba. Da aka nemi kamfanin ya yarda a sake buga littafin, sai ya ce a ba shi sabuwar kwangila. Kuɗin jama'a ne aka kashe, amma ilmin bai zauna a ofishin ba.

Abin da doka ta ce

A Nijeriya, dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali daga 1988. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke kula da aiwatar da ita. Da zarar mutum ya rubuta littafi ko darasi da ƙoƙarin kansa, haƙƙi ya tabbata gare shi, ko bai yi rajista ba, ko bai rubuta gargaɗi a bango ba. Shi ke da ikon kwafa, da bugawa, da rarrabawa, da fassarawa. Wannan haƙƙi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Doka ta bar ƙofa ga wanda ya ɗauki ɗan yanki domin karatun kansa ko bincike, amma wannan bai kai ga a buga littafi sukutum a raba wa ma'aikata ba, balle a mayar da shi Hausa a yaɗa.

Akwai wani tanadi da ya kamata shugabannin ma'aikata su riƙe. Abin da ma'aikaci ko ɗan kwangila ya rubuta wa gwamnati ko wata ma'aikatarta a cikin aikin da aka ba shi, haƙƙinsa na gwamnati ne, sai idan an ƙulla yarjejeniya a kan akasin haka. To amma yawancin masu ba da horo ba sabon littafi suke rubutawa ba. Wanda suka daɗe suna yawo da shi jiha jiha suke kawowa, su sauya masa bango. Irin wannan nasu ne tun kafin kwangila, kuma biyan kuɗin bita bai mayar da shi na ƙaramar hukuma ba. A nan ne yawancin rashin fahimtar ke tasowa.

Yadda littattafan LibreOffice suka zama na kowa

Asalin manhajar wani kamfanin Jamus ne mai suna Star Division ya ƙirƙire ta, yana sayar da ita da sunan StarOffice. A 1999 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye shi, a watan Oktoba na 2000 kuma ya saki asalin rubutun manhajar ga duniya da sunan OpenOffice.org. Fitowa ta farko cikakkiya ta zo a 2002. Wasu 'yan sa-kai da suka kira kansu OOoAuthors suka ɗauki nauyin rubuta littattafan koyon ta, suka kuma sa musu lasisin da ya yarda kowa ya kwafa, ya gyara, ya fassara.

Amfanin wannan shawara bai fito fili sosai ba sai a 2010. A farkon shekarar kamfanin Oracle ya saye Sun. A watan Satumba da yawa daga cikin masu aikin manhajar suka ware, suka kafa gidauniyar The Document Foundation, wadda mazauninta yake a Balin, suka ci gaba da aikin da sabon suna, LibreOffice, wadda ta fara fitowa a Janairun 2011. Da a ce littattafan mallakar kamfani ne, da sai an koma an rubuta su daga farko. Amma tun da izini yana cikin littafin kansa, sai aka ɗauki na OpenOffice.org aka gyara su, aka ambaci waɗanda suka rubuta na asali, aiki ya ci gaba. Kamfani ya sauya hannu, suna ya sauya, littafi bai mutu ba. A ganinmu wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a iya kawo wa duk shugaban da ke shakkar amfanin sakin haƙƙi.

A yau akwai littafin fara koyo na gaba ɗaya, da littafi na musamman ga kowane sashe: Writer na buga rubutu, Calc na lissafi, Impress na haska bayani, Draw na zane, Base na adana bayanai, da Math na alamomin lissafi. Ana samun su a shafin gidauniyar a intanet, a matsayin PDF domin karantawa, da kuma a tsarin ODT wanda ake iya buɗewa a gyara. Suna ɗauke da lasisi biyu, mai amfani ya zaɓi wanda ya so: GPL, ko kuma CC BY.

Ire-iren lasisin

Ƙungiyar Creative Commons, wadda aka kafa a Amurka a 2001, ta fitar da lasisinta na farko a Disambar 2002, na huɗu kuma, wanda aka tsara domin ya yi aiki a kowace ƙasa, a 2013. Marubuci ba ya rasa mallakarsa idan ya yi amfani da su. Izini ne yake bayarwa tun gaba, a rubuce, ga duk wanda littafin ya isa hannunsa, bisa sharuɗɗan da ya zaɓa. Sharuɗɗan huɗu ne, ana nuna kowanne da haruffa biyu. BY na nufin a ambaci sunan marubuci. SA na nufin duk wanda ya gyara ko ya fassara, dole shi ma ya saki nasa da irin wannan lasisi. NC ya hana amfani da shi domin neman riba. ND ya hana yaɗa abin da aka sauya.

Ga irin buƙatarmu, ND ba shi da wani amfani, domin fassara ma sauyi ce a wurin doka. Littafin Turanci mai ND zai zauna da Turancinsa. NC kuwa yana da daɗin ji, kuma shi ne wanda masu littafi suka fi saurin yarda da shi, amma yana jawo tababa. Matashin da ya buɗe ɗan shagon koyar da kwamfuta a Bagudo ko Kaoje yana karɓar kuɗin wata, neman riba yake yi, don haka ba zai saki jiki da littafin ba, alhali kuwa irin waɗannan shaguna su ne makarantar kwamfuta ta mafi yawan 'ya'yan karkara. Shawararmu ita ce CC BY, ko CC BY-SA ga wanda ke tsoron kada wani ya ɗauki wahalarsa ya ƙara mata kaɗan ya kulle. Wannan na biyun shi ne wanda Wikipedia ta Hausa ke aiki da shi.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, ta daɗe da sakin wasu littattafan darussanta ta wannan hanya, Hukumar UNESCO kuma ta zartar da shawara a 2019 tana kira ga ƙasashe su riƙa sakin kayan koyarwar da aka samar da kuɗin jama'a.

Ga mai littafi da ke son ya sake shi

Ba a biyan ko kwabo, ba a kuma cika wata takarda a wani ofishi. Mai haƙƙi zai rubuta a shafin farko sunan littafin, da sunansa, da shekara, da sunan lasisin da lambarsa, misali CC BY 4.0, tare da adireshin lasisin a intanet. Amma kafin nan sai ya tabbata duk abin da ke cikin littafin nasa ne. Idan ya ɗebo babi daga littafin wani, ko hoto daga intanet, ba shi da ikon bayar da abin da ba nasa ba, sai ya cire ko ya nemi izini. Idan su biyu ko uku suka rubuta, sai kowa ya yarda, kuma ya fi kyau a rubuce.

Ya kuma sani cewa ba a janye wannan izini. Yana iya daina rarraba littafin, yana iya ci gaba da sayar da bugunsa mai kyau, amma wanda ya riga ya samu kwafi bisa lasisin yana nan da izininsa. Masu ba da horo kan tambaye mu, to me ya rage musu? Amsarmu ita ce ba takarda ake biyansu domin ta ba, tsayuwa gaban ɗalibai da warware musu matsala ake biya, kuma littafin da ke yawo da sunan mutum daga Bahindi har Birnin Kebbi talla yake yi masa.

Ga shugaban ma'aikata ko ma'aji da zai sa hannu a kwangilar horo, abin da muke ba da shawara a rubuta a ciki bai wuce layi uku ba: cewa duk takardun darasin za su fito da lasisin CC BY, cewa za a miƙa su a tsarin da ake iya gyarawa ba PDF kaɗai ba, kuma cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an miƙa su. Idan an bari sai bayan bita aka tayar da maganar, sai dai roƙo.

Fassarawa da daidaitawa da yankinmu

Littattafan LibreOffice manya ne, wasu sun haura shafi 400, kuma ba mu ga dalilin fassara su baki ɗaya ba. Akawun da ke riƙe da rajistar manoman shinkafa na fadamun Kwara, ko mai lissafin kuɗin rumfunan kasuwa, ko malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa, abin da yake buƙata bai fi shafi 20 ba: yadda ake shigar da sunaye a layi, da tara jimla, da jera su bi da bi, da adanawa, da bugawa. Lasisin ya yarda a tsinci waɗannan, a mayar da su Hausa, a sauya misalan da na gida, muddin an ambaci marubutan asali, an nuna lasisin, an kuma faɗi cewa an yi sauyi. Kada dai a rubuta abin da zai sa a ɗauka gidauniyar ce ta buga fassarar, domin lasisin littafi bai ba da ikon amfani da tambarinta yadda aka ga dama ba.

Mai fassara ya bar sunayen maɓallai yadda suke a fuskar kwamfutar, ya yi bayaninsu da Hausa a gefe, domin ɗalibi abin da idonsa ke gani yake nema. Ya kuma zaɓi samfurin haruffan da ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, ya gwada a firinta kafin a buga da yawa. Mun taɓa ganin takardar da duk inda aka rubuta ƙauye sai ɗan akwati ya fito a farkon kalmar. Sannan kada a yi misali da ainihin takardar albashi, ko sunayen mutane da lambobin wayarsu. Littafin da aka saki ba a san inda zai tsaya ba, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana yaɗa irin waɗannan bayanai ba bisa ƙa'ida ba. A ƙirƙiri sunaye da alƙaluma.

Zaman Bagudo a kan iyaka da Jamhuriyar Benin ya ƙara wa batun wani amfani. Mutanen Lolo da Tsamiya da Illo suna da dangi da abokan ciniki a Malanbil da Segbana, inda aikin ofis da Faransanci ake yinsa, amma a kasuwa Hausa da Dendi da Fulatanci ake ji. Nijeriya da Benin duk suna cikin Yarjejeniyar Berne, saboda haka littafin da aka kulle a nan, a kulle yake a can. Wanda aka saki kuwa yana ƙetare iyaka da izininsa. 'Yan sa-kai sun riga sun fassara da yawa daga littattafan LibreOffice zuwa Faransanci, don haka darasin Hausa guda ɗaya ana iya yi masa bugu biyu, ɗaya da hotunan fuskar manhaja ta Turanci, ɗaya da ta Faransanci.

Manhajar tana sabon fitowa sau biyu a shekara, kuma tun 2024 lambarta shekara da wata take nunawa, kamar 24.2 da 24.8. Saboda haka a rubuta a bangon kowane darasi lambar fitowar da aka yi shi da ita. Tun da intanet da wutar lantarki ba su da tabbas a yawancin ƙauyukanmu, a ajiye manhajar da littattafanta da fassarar a filash guda biyu, ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya a hannun shugaban makarantar da ke da ɗakin kwamfuta, a kuma shigar da su cikin takardar miƙa aiki duk lokacin da aka sauya wa jami'i wuri.