Tarihin Lamba 4,294,967,297

Masana lissafi sun kasa lambobi gida biyu. Akwai masu rabuwa, kamar 15 wadda 3 da 5 ke raba ta ba saura, akwai kuma marasa rabuwa, kamar 17, waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya ko su kansu. Wuyar aikin ita ce sanin gidan da lamba take idan ta yi girma ƙwarai. A kan haka ne lamba 4,294,967,297 ta yi suna.

A shekarar 1640 Pierre de Fermat, wani ma'aikacin shari'a a birnin Toulouse na Faransa wanda ke yin lissafi in ya tashi daga aiki, ya lura da wani jeri. Idan aka ninka 2 da kanta, sa'an nan aka ninka amsar da kanta, aka yi ta yin haka, ana samun 2, 4, 16, 256 da 65,536. In aka ƙara wa kowace ɗaya sai su zama 3, 5, 17, 257 da 65,537, dukkansu kuwa marasa rabuwa ne. Sai ya ɗauka haka jerin zai ci gaba har abada. A yi masa adalci, ya faɗa a wasiƙunsa cewa bai sami cikakkiyar hujja ba. Ta shida a jerin ita ce 4,294,967,297.

Fermat ya rasu a 1665 ba wanda ya ƙaryata shi. Sai a 1732 Leonhard Euler, mutumin Suwizalan mai shekara 25 da ke aiki a birnin St. Petersburg na Rasha, ya nuna cewa lambar daidai take da 641 sau 6,700,417. Ba lalube ya yi ba. Kamar yadda ya bayyana daga baya, duk lamba marar rabuwa da za ta raba wannan, tilas ta kasance ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Wannan ya taƙaita neman zuwa 193, 257, 449, 577, sai 641 ta biyar. Abin mamaki shi ne Fermat da kansa ya san ƙa'idar da wannan dabara ta dogara a kanta.

Da yake 641 da 6,700,417 duk marasa rabuwa ne, lambar ta faɗa ajin masu tushe biyu kacal. Hukuncin kuma ya shafi zane. A 1796 Carl Friedrich Gauss na Jamus ya gano ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kaɗai, dalili kuwa 17 marar rabuwa ce daga jerin Fermat. Haka 257 da 65,537. Amma siffa mai gefe 4,294,967,297 ba ta zanuwa ta wannan hanya.

Daga ta shida har ta 33 a jerin, duk an tabbatar masu rabuwa ne. Bayan 65,537 ba a sake samun marar rabuwa ko ɗaya ba.