AMANA JARI CE: WAIWAYE KAN ALHASSAN ƊANTATA

Duk wanda ya tashi a Kano ya ji labarin raƙuma ashirin da Alhassan Ɗantata ya yi wa lodin kuɗin azurfa ya kai Bank of British West Africa, wato First Bank na yanzu, lokacin da ya buɗe reshensa a Kano a 1929. Labari ne mai daɗin ji, amma ni a ganina ba nan abin mamakin yake ba. Abin tambaya shi ne, ta yaya maraya ya kai ga haka a zamanin da ciniki ba ya da takarda, ba ya da lauya?

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, mutanen da aka sani da fatauci. Mahaifinsa Madugu Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta koma ƙasar da ake kira Ghana a yau, aka bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya samo sunan Ɗantata. Da ya kawo ƙarfi sai ya shiga fataucin goro daga Gwanja.

To a nan sai mu ɗan tsaya, domin kuwa harkar goro makaranta ce ta amana. Goro ba ya jira. In ba a kula da huhu ba, ba a sauya ganye ba, kafin a iso gida ya lalace. Falke kan yi wata da watanni a hanya da dukiyar mutane, ya sauka a zango gidan maigidan da zai ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya wa mai sayen da ya karɓi kaya bashi. Duk wannan da fatar baki ake yi. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa zango na gaba, daga nan kuwa ba mai sake ba shi ko ƙwarya guda. Cikin wannan tsari Ɗantata ya yi suna, har ya kasance cikin na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara zuwa Legas.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka zo neman gyaɗa, sai suka tarar ba su san ƙauyuka ba, manoma kuma ba su san su ba. Dole suka nemi fataken goro irin su Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo. A 1918 Niger Company ta nemi Ɗantata ya riƙa saya mata. Kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi ya rarraba wa yaransa, su kuma su bazu kasuwannin ƙauye da sikeli da buhuna. Mai karatu ka duba hannaye nawa kuɗin nan suke bi kafin buhu ɗaya ya iso tasha. In aka sami mai tauye awo, manomi ya kai wa wani baɗi. In gyaɗa ba ta iso ba, Bature ya rufe aljihu. Ba a kai ƙarshen shekarun 1920 ba sai da Ɗantata ya sha gaban duk attajiran Kano.

Akwai masu cewa ai kusanci da Turawa ne kawai. Gaskiya ne kusancin ya taimaka, kuma kada mu manta kamfanonin nan su ke yanke farashi, manomi ba shi da ta cewa. Sai dai ba Ɗantata kaɗai suka bai wa kuɗi ba, kuma Bature ɗan kasuwa ba ya maimaita ba da jari shekara da shekaru don kunya ko zumunci.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Agusta, 1955, bayan ya yi wa 'ya'yansa wasiyya su haɗa kai kada su wargaza kasuwancin. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano tun cikin shekarun 1970, amma gidan bai rufe ba. Ɗansa Aminu ya riƙe harkar har rasuwarsa a 2025, ɗansa Sanusi kuma shi ne kakan Aliko Ɗangote ta wajen uwa.