Daga Maƙeran Gaya Zuwa Taransifoma: Yaushe Zafi Ke Tsayawa?



Masu tarihi suna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya sauka a gindin Dala neman tama, har garin ya ɗauki sunansa. Maƙeri da ido yake auna zafi, launin ƙarfe ne ke gaya masa lokaci ya yi. To yau kuma wani zafin nake so mu tattauna, wanda ido ba ya gani: na cikin taransifomar unguwa.

Da wutar lantarki ta fara yaɗuwa a Amurka, gobara ta biyo ta. Shi ya sa a 1894 William Henry Merrill ya buɗe ɗakin gwajin kayan lantarki a Chicago, wanda daga baya ya zama UL. A 1906 kuma aka kafa hukumar IEC a Landan domin ƙasashe su daidaita ƙa'ida. Tambayar da ta ci wa masu gwaji tuwo a ƙwarya ita ce: in ka kunna na'ura tana ɗaukar zafi, yaushe za ka ce ta kai maƙura? Ka rubuta sakamako da wuri, ka sa hannu kan ƙarya, don zafin bai gama hawa ba.

Ga yadda IEC ta yanke wa taransifoma mai amfani da mai. A ɗora mata nauyi a masana'anta, a riƙa auna man da ke samanta. Sai hawan zafin ya koma ƙasa da digiri 1 a awa, kuma ya zauna a haka awa 3 cur, sannan a ce ya tsaya. Man kada ya zarce zafin iskar wurin da fiye da digiri 60. Gwaji ne na haƙuri, yana cin awanni masu yawa.

Amma fa ku saurari wannan. Ƙa'idar ta ɗauka cewa inda za a kafa taransifomar, matsakaicin zafin shekara digiri 20 ne, kuma ba ya wuce 40. A ƙasar Kano matsakaicin ya kai wajen 26, kuma duk wanda ya yi watan Afrilu a Ajingi ya san 40 ba baƙuwarmu ba ce. Tun 1930 injiniya Montsinger ya nuna cewa ƙarin 'yan digiri kaɗan yana rage rabin rayuwar takardar da ke naɗe da wayoyin ciki. Shi 8 ya lissafa, IEC yanzu tana lissafi da 6. Wato ainihin tazarar da ke tsakaninmu da ƙa'idar ke nan!

Ita ƙa'idar ta yi tanadi, ta ce in wuri ya fi haka zafi a rage iyakar, amma sai mai saye ya faɗa tun wajen oda. A ganina nan ne gizo ke saƙar. Sau da yawa ɗan siyasa ne ko ƙungiyar gari ke sayo taransifoma a yi bikin ƙaddamarwa, ana tambayar ƙarfinta da kuɗinta, ba a tambayar takardar gwajinta. Daga baya a jona mata injin niƙa, masu walda da firji, ga bazara.

Tun 2015 akwai hukumar NEMSA mai alhakin duba irin waɗannan kayan kafin a jona su. In garinku na haɗa kuɗin sabuwa, ku nemi takardar gwajin zafin, ku kuma tabbata NEMSA ta duba kafin a kunna.