Hotunan Adakar Kawu Da Tarihin Sabo

Wata biyu ke nan da Allah ya yi wa kawuna rasuwa, tsohon direban gingimari da ya shekara sama da talatin yana jigilar goro tsakanin Badun da Kano. Ranar rabon gado muka buɗe adakarsa. A ƙarƙashin riguna sai ga wata tsohuwar kyamara da hotuna kusan sittin a ɗaure da kyalle. Aka raba tufafi, aka raba kuɗi, amma ba magajin da ya waiwayi hotunan. Na sha zama wurin rabon gado a unguwar nan, ban taɓa ganin an lissafa hoto cikin abin da mamaci ya bari ba. Na roƙi magada suka bar mini, na kwana ina dubawa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da abin da aka sani. An kafa Sabon Ibadan a 1916. Kafin nan iyayenmu na zaune ne a warwatse cikin gidajen Yarbawa a tsakiyar gari. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, layin dogo ya kai Kano a 1911, sai hanya ta buɗe: shanu su gangaro kudu, goro ya hau arewa. A kan waɗannan sana'o'i biyu aka gina unguwar nan, da masu gidajenta da dillalanta da 'yan dakonta. A 1952 mutanen Sabo suka fara sallar Juma'a a masallacinsu. A 1962 da 1963 wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikinmu, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. A zamaninsa mutanen Sabo kimanin 4,000 ne. To ka ji, wanda ya fi kowa rubuta labarinmu baƙo ne. Mu da abin ya shafa, me muka ajiye?

Kyamara kuwa ta riga Sabo zuwa duniya. Kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da kyamarar hannu a 1888, a 1900 kuma ya fitar da wata 'yar ƙarama mai suna Brownie a kan dala ɗaya, don talaka ma ya ɗauki hoton iyalinsa da kansa. Amma ta daɗe ba ta shiga hannun mutanenmu ba, kuma da dalili. Dattawa da yawa suna ƙyamar hoto, don malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa: wasu sun haɗa shi da surar da aka hana, wasu suka ce kama inuwa ne kamar madubi. Kakana har ya koma ga Allah bai yarda an ɗauke shi ba sai sau ɗaya, ranar da zai yi fasfon aikin Hajji. Wannan ɗan guntun hoton shi ne kaɗai fuskarsa da jikokinsa suka sani. A gidaje da yawa ma, hoton farko da aka rataya a bango na Shehu Ibrahim Inyass ne, kafin na maigidan kansa.

Da aka saba, sai hoto ya zama abin biki. Ranar Sallah a ci ado a tafi shagon mai hoto, galibi Bayarabe, a tsaya gaban labule mai zanen bene ko jirgin sama, a dafa rediyo ko a riƙe kan tarho wanda ba a haɗa shi da komai ba. Kowa ya ƙame, ba murmushi. Akwai kuma masu akwatin katako mai ƙafa uku a bakin gidan waya, mutum ya cusa kai cikin baƙin kyalle, ka ɗan jira a miƙo maka hotonka da danshinsa. Irin waɗannan suna nan a gidajenmu, kuma suna da daɗin kallo. Sai dai fa kwalliyarmu suke nunawa. Wanda ya dube su ba zai san da me muke ci ba, ba zai san yadda layinmu yake da safe ba.

Nan ne hotunan kawu suka bambanta. A Makka ya sayo kyamararsa, tsarabar Hajji, a shekarun 1970, tare da 'yan kyamarorin roba da ake kawo wa yara, waɗanda in ka kanga a ido ka latsa sai ka ga Ka'aba da Madina. Bai koyi ɗaukar hoto a wurin kowa ba. Wasu a karkace suke, wasu an yanke kan mutum, ɗaya ma ɗan yatsansa ya rufe rabi. Amma ga 'yan dako suna loda huhunan goro. Ga karen motarsa yana barci a ƙarƙashin mota a Mokwa. Ga jerin motoci suna jiran tsallake gadar Jebba. Ga shanu ana sauke su daga taragon jirgi. Ga almajirai da allunansu a wani zaure da yanzu ya zama shagon canji. Ga wata mai fura a tashar Kaduna, ta kare fuska da faifai tana dariya. Wallahi da na ga hoton layinmu, da bishiyar da muke wasa a ƙarƙashinta, sai da na share hawaye.

Ku tuna fim a lokacin da tsada yake. Ƙwaya ɗaya hoto 12 ne, ko 24, ko 36. Sai ka cinye shi kaf sannan ka kai a wanke, ka jira kwanaki, wani lokaci a ce maka rabi ya ƙone. Mutum ba ya latsawa sai abin ya kai. Abokan kawu suna yi masa tsiya, wai yana ɓarnar kuɗi a kan shanu da 'yan dako. Yau ga shi kara ta yi ƙaura har ta dangana da Akinyele, an daina jiran shanu a tashar Dugbe, sabon jirgi ma a Moniya yake tsayawa. Abin da suka kira ɓarna shi ne ya rage mana.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A garin nan aka yi wani mai hoto, Okhai Ojeikere. Da 'yar Brownie ya fara a 1950, a 1954 ya samu aiki a ɗakin wanke hoto na Ma'aikatar Yaɗa Labarai a Badun. Daga baya ya bi mata a titi da ofis da wurin biki yana ɗaukar kitsonsu, har ya tara hoto kusan dubu. Kitso fa, abin da kowa ke gani kullum ba ya ko kula. Kafin ya rasu a 2014 an baje hotunan nan a manyan gidajen tarihi na duniya, don da yawa daga cikin kitson an daina yin su.

Yanzu kowa da kyamara a aljihu. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sannu a hankali fim ya mutu, har Kodak ɗin kansa ya durƙushe a 2012. Yaro ɗaya yana ɗaukar hoto a yini fiye da wanda kawu ya ɗauka a rayuwarsa. To ina suke? Ni kaina na rasa hotunan walimar saukar 'yata ranar da wayata ta faɗa kwata. Wani an sace tasa, wani kati ya lalace, wani ya goge don wuri ya cika. Na takardar ma ba su tsira ba. Ambaliyar Ogunpa ta 1980 da ta 2011 sun ci kayan mutane da yawa a garin nan, ga danshin damina da gara. A cikin na kawu, goma sha ɗaya sun manne da juna, in ka ɓamɓare sai fuska ta tafi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Duk lokacin da aka samu hatsaniya, kamar ta kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, sai ka ji ana yi mana kallon waɗanda suka sauka daga mota jiya. Alhali akwai gidajen da kaka da uba da ɗa duk a nan aka yanke musu cibiya. Cikin adakar nan akwai hoton kawu da abokin cinikinsa Bayarabe, suna cin abinci a kwano ɗaya a bayan mota. Irin wannan ya kamata 'ya'yanmu da nasu su gani, don ya fi dogon jawabi shiga zuciya.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, kowa ya buɗe adaka da ƙarƙashin gado ya fito da abin da ke ciki, ya kai wa tsohon gidan tun yana da rai, a tambaye shi wane ne wannan, ina ne nan, wace shekara. A rubuta a baya da fensir, ko da boko ko da ajami, don tawadar biro tana huda takarda. Hotuna tara na kawu na zaga da su unguwa, ba wanda ya gane mutanen ciki. Na biyu, matasa masu manyan wayoyi su ɗauki kwafin tsofaffin hotuna a ajiye a wuri fiye da ɗaya, na waya kuma a zaɓi masu muhimmanci a wanke. Na uku, a riƙa ɗaukar mai shayi da mai suya da makarantar allo da rumfar goro, amma da izinin mutum, kuma a kiyaye mutuncin matan aure da gidajen mutane.

Wanda yake ganin hoto bai halatta ba, muna girmama fahimtarsa, shi sai ya ba mu labari da baki mu rubuta. Hotunan kawu suna shagona, duk mai so ya zo bayan La'asar ya duba, ko Allah zai sa ya gane mahaifinsa a ciki. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.