Tarihin Birki da Nisan Tsayawar Mota

Gabatarwa

Galibi in ana ba da tarihin mota, labarin gudu ake bayarwa. Labarin tsayawa kuwa ba a cika kula shi ba, alhali rayukan mutane a kansa suka rataya. Abin da wannan lacca za ta nuna shi ne, makanikai sun shafe fiye da shekara ɗari suna kyautata birki, amma akwai iyakoki da suka gagare su, kuma masana sun gano su tun kafin a ƙera mota.

Abin da masana suka riga suka gano

A shekarar 1722 wani malamin Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, Willem 's Gravesande, ya riƙa sako ƙwallayen tagulla daga sama suna faɗawa cikin ɗanyen yumɓu, yana auna ramin da kowanne ya yi. Sai ya tarar ƙwallon da gudunsa ya ninka sau biyu, raminsa yakan ninka sau huɗu. In gudun ya ninka sau uku, ramin sai ya ninka sau tara. A 1740 wata masaniya Bafaranshiya, Émilie du Châtelet, ta yaɗa wannan bincike cikin littafinta na kimiyya. Ma'anarsa ita ce, ƙarfin da abu mai tafiya ke ɗauke da shi ba ya bin gudunsa kafaɗa da kafaɗa. Gudun ake bugawa da kansa. Mota mai tafiya daidai take da ƙwallon nan, hanyar da take ci kafin ta tsaya kuwa ita ce ramin yumɓun.

Kafin wannan, a 1699, Guillaume Amontons ya nuna wa masanan Faransa cewa ƙarfin guga tsakanin abubuwa biyu yana ƙaruwa gwargwadon nauyin da ke danne su. Watau nauyin da ke ƙara wa mota ƙarfin tafiya shi ne kuma ke ƙara wa tayarta riƙon ƙasa. Saboda haka, muddin birki na da lafiya, abubuwa biyu ke yanke nisan tsayawa: gudu, da yadda taya ta kama hanya.

Daga katako zuwa lantarki

Motocin farko sun gaji birkin keken doki ne, watau guntun katako da ake danna wa ƙafa da sanda. A watan Agusta na 1888 Bertha Benz ta tuƙa motar mijinta daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, tafiyar fiye da kilomita 100. Gangare ya cinye katakon, har ta sa wani baduku ya buga masa fata. Wannan fata ita ce mafarin shafin da ake manna wa birki.

A 1902 Louis Renault ya fito da birki mai ganga, inda wasu ƙarafa biyu masu siffar baka ke buɗewa su gogi cikin gangar da ke juyawa tare da ƙafar mota. Bayansa sai Ba'amurke Malcolm Loughead ya ƙago birki mai aiki da mai, wanda ke raba ƙarfin ƙafar direba daidai wa daida zuwa kowace taya. Motar Duesenberg ta 1921 na cikin na farko da aka sayar da irinsa a ƙafa huɗu.

Sai dai aikin birki duka shi ne mai da ƙarfin tafiya ya zama zafi, ita kuwa ganga rufe take, tana tara zafin har birki ya saki. Maganin wannan shi ne birki mai faifai, wanda iska ke fifitawa. A tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa, a 1953, motar Jaguar mai irin wannan birki ta zo ta ɗaya, domin direbobinta na iya jinkirta taka birki har su kusa kwana. Saura matsala guda: tayar da birki ya ƙame sai ta riƙa sulɓi, riƙonta ya ragu, sitiyari kuma ya daina aiki. A 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da na'urar ABS mai lantarki, wadda ke kama birki tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa guda.

Iyakar da ba ta gusa ba

A 1946 hukumomin Birtaniya suka sa jadawalin nisan tsayawa cikin kundin dokokin hanyarsu, suka raba shi gida biyu: hanyar da mota ke ci kafin direba ya taka birki, da wadda take ci bayan ya taka. A gudun mil 30 a sa'a, wajen kilomita 48, ta farko mita 9 ce, ta biyu 14, jimla 23. A mil 60, ta farko ta zama mita 18, ta biyu kuwa 55, jimla 73. Gudu ya ninka sau biyu, hanyar birki ta kusa ninkawa sau huɗu, daidai da abin da yumɓun Leiden ya nuna. Kundin ya ƙara da gargaɗi cewa jiƙaƙƙiyar hanya takan ninka nisan aƙalla sau biyu.

Kammalawa

Kowane ci gaba da aka lissafa kusantar da mota ya yi zuwa iyakar riƙon tayarta, babu wanda ya tsallake ta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara. Injiniyoyi sun yi nasu. Gudu kuwa yana nan ƙarƙashin ƙafar direba. Yaron da ya faɗo titi mita 30 gaban mota, in mai mil 30 ce za ta tsaya ta bar tazara. In mai mil 60 ce, za ta iske shi tana gudun da ya haura mil 50.