Daga Akurki Zuwa Firji: Yadda Tukunyar Kaza Ta Sauya a Gidajenmu

Duk wadda ta daɗe a sana'ar girki a ƙasar Hausa ta san cewa kazar da muke dafawa yau ba ita ce wadda iyayenmu suka dafa ba. Sunan dai ɗaya ne, amma nama daban, romo daban, hannun da kowacce take so ma daban. A madafin babban gida na koyi girki a cikin birnin Kano, daga baya na shiga dafa abincin biki da na suna, na kuma koyar da 'yan mata, saboda haka a kan idona wannan sauyi ya faru. Mutane sukan ce miyar yanzu ba ta kai ta da ba, su ɗora laifin a kan matan zamani. Ni kuwa na ce a fara tambayar kazar tukuna.

A da, kaza dukiyar mace ce. Tana kwana a akurki, ta wuni tana tone-tone a tsakar gida da bayan danga, ana watsa mata tsaba da dusa, kuma sai ta yi kamar wata shida kafin ta isa yanka. Hunturu na zuwa annoba ta bi unguwa ta kwashe su, don haka wadda ta tsira tana da daraja. Ba a cin ta haka siddan. Sai an yi baƙon kunya, ko ranar Sallah, ko daren cika-ciki, ko don mai jego da mai jinya, ko kazar da ango yake shiga da ita ɗakin amarya. Maigida ya yanka, yara su fige, a babbake ta a bakin murhu, kai da ƙafafu su zama ladan masu figa. Zabi daga ƙauye ake kawo su, ƙwansu kuma sai da damina. 'Yan shila na mai neman ƙarfin jiki ne. Talo-talo, wanda asalinsa daga ƙasar Meziko yake, sai gidan mai hali.

Kazar da ta wuni tana yawo namanta tauri gare shi, kuma a kan wannan tauri aka gina girkinmu kaf. Tukunyar ƙasa, wutar itace a hankali, a bar ta tana ɓararraka har ƙashi ya saki abin da ke cikinsa. Ana jefa albasa, citta, kanumfari, masoro, kimba da tafarnuwa, kayan ƙamshin da ake samu a Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Sai daddawar kalwa da ɗan man shanu. Idan irin wannan romo ya kwana ya huce, za ki tarar ya kama jikinsa ya daskare. Shi ne ginshiƙin miya. Da shi ake kaɗa kuka da busasshiyar kuɓewa, da shi ake taushe mai kabewa da yakuwa da gyaɗa. Kaza guda takan ishi gida mai mutum goma sha, domin ba tsokar ake bi ba, ɗanɗanon da ta bar wa miya ake bi.

Sauyin farko jirgin ƙasa ne ya kawo shi. Dogo ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ya kafu, mutanen Kudu suka zo da miyar tumatir da ake soyawa cikin mai, da irin nasu farfesun. Kukun Turawa a Nassarawa suka koyi gasa kaza sukutum a tanda, da yanka ɗanyen ganye a ɗora a tebur. Kwarori 'yan kasuwa suka zo da nasu hannun na lemon tsami da tafarnuwa. Cinikin gyaɗa ya bunƙasa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka wadata, suyar kaza ta daina zama abin tsada sosai. Makarantun horon malamai mata suka sa girki cikin darasi, aka fara ganin 'yar Hausa da littafin da ta rubuta yadda ake miya. Sai dai duk wannan a gefe yake. A cikin gari tuwo da miyar kuka ne suke mulki.

Shekarun 1970 ne suka juya tukunyar gaba ɗaya, kuma ta fuska uku. Na ɗaya, an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya buɗe a Kadawa da Kura da kewaye, tumatir da tattasai da attarugu suka cika kasuwa a lokacin da a da sai dai kauɗa. Injin markaɗe ya shigo unguwanni, dutsen niƙa ya koma lungu, shinkafa da jar miya suka zama abincin fita kunya. Na biyu, dunƙulen magi. Kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fara yin sa a 1908, Nestlé ya mallaki kamfanin a 1947, kuma kafin a farga magin ya shiga kowane kwandon cefane, farin magi na Ajinomoto yana biye da shi. Na uku, wanda ya fi duka, kajin gidan gona. Shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976 ya kwaɗaitar da ma'aikata kiwon kaji a bayan gida, cibiyar Vom tana samar da rigakafi, daga baya cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta fito da kazar ƙwai mai suna Shika Brown.

A nan ne masu girki suka sha mamaki. Burola, wato kazar gidan gona ta nama, sati shida zuwa takwas take yi a kai ta kasuwa. Ba ta yi yawo ba, ƙashinta bai ƙosa ba, jikinta ruwa ne da kitse. Aka ɗora ta a wuta irin ɗorin kazar Hausa, kafin kayan ƙamshi su ratsa ta dagargaje, romon kuma salam. Tsofaffi da yawa suka ƙi ta, suka ce auduga ce. Matasa kuwa suka toshe gurbin da magi: ɗaya ya zama uku, uku suka zama biyar, aka ƙaro kori da tayim. Ɗanɗanon da a da yake fitowa daga ƙashi ya koma fitowa daga takarda, daddawa kuma ta zama abin da amarya take jin kunyar a ji ƙamshinsa a ɗakinta. Sai a hankali muka gano hannun da burola take so. A cuɗe ta da kayan ƙamshi ta jiƙu tun kafin wuta, a ɗora ta ba ruwa ta tsotse nata, a sauke da wuri, sannan a soya ko a gasa. Ita kazar suya ce da gashi. Miya mai nauyi ba aikinta ba ne.

Bayan ta sai kazar kwali, daskararriya daga ƙasashen waje. Gwamnatin Najeriya ta haramta shigo da ita a farkon shekarun 2000, amma kazar ba ta daina ɓullowa ta iyakar Benin ba, kuma wadda ta narke a hanya aka sake daskarar da ita mai girki takan gane ta tun daga wari. A watan Fabrairun 2006 aka gano murar tsuntsaye a wata gona kusa da Jaji a jihar Kaduna, karo na farko da aka tabbatar da wannan nau'in cutar a Afirka, cikin watan kuma aka same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. Kasuwar kaji ta faɗi warwas, aka yi bukukuwa da naman sa da kifi kawai. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya ƙara wa masu kiwon gida kasuwa, noila ta yaɗu a matsayin tsaka-tsaki tsakanin burola da kazar Hausa. A 2023 kuma tsadar masara da waken suya ta ɗaga farashin abincin kaji, gidaje da yawa suka koma sayen kaza a kilo ko gunduwa-gunduwa. Mu masu abincin biki muna da namu sirrin: tsofaffin kajin ƙwai da suka gama aiki. Suna da tauri, suna jure babbar tukunya, romonsu ya fi kusa da na da.

Salak, abokin tafiyar kaza a teburi, shi ma tarihinsa biyu ne. Tun kafin latas mu masu cin ganye ne: kwaɗon zogale, na rama, na tafasa, na lansir, da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da yaji, abin da Sakkwatawa da Zamfarawa suke kira datu. Bambancin shi ne yawancin ganyenmu dafa shi muke yi. Da latas da kabeji da karas suka samu gindin zama a lambunan Jos da na gefen Jakara, suka riƙa sauka a kasuwar 'Yankaba, matan gida ba su jira bama, wato mayonis, ba. Suka yi wa latas abin da suka saba yi wa rama, wato ƙuli, man gyaɗa, tumatir, albasa da lemon tsami. Haɗin kabeji da bama da waken gwangwani da dafaffen ƙwai ya zo ne ta ɗakunan biki, kuma ya zo da haɗarin da kwaɗo ba shi da shi. Ganyen da ba a dafa ba yana ɗauke da duk abin da ke cikin ruwan da aka yi masa ban-ruwa, bama kuma ba ta jure zafin watan Afrilu. Shi ya sa doka ta farko a wurinmu ita ce wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyar kaza ba sa zuwa kusa da ganye, ganyen a wanke shi ɗaya-ɗaya da ruwa mai tsafta, bama kuma sai an zo ci ake zubawa.

Hanyar koyo ma ta sauya. Daga gindin murhun kaka aka koma ƙananan littattafan girke-girke da ake sayarwa tare da na soyayya, sai shirye-shiryen talabijin irin su Akushi da Rufi na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, yanzu kuma azuzuwan WhatsApp da bidiyon Instagram da TikTok. An ci riba, domin 'yan matan yanzu suna aunawa, suna rubutawa, sun kuma maido da zogale da daddawa teburin 'yan boko bayan an raina su. Amma bidiyon minti ɗaya yakan ce "ki samu kazarki" ya wuce, bai faɗi wace iri ba, alhali girkin duka a kan wannan ya rataya.

Saboda haka, uwargida da amarya, kafin ki kunna wuta ki san abin da ke hannunki. Burola ta suya ce da gashi. Kazar Hausa, zabuwa da tsohuwar kazar ƙwai su ne na farfesu da miya, kuma suna son wuta kaɗan da lokaci mai tsawo. Kada ki zubar da ƙashi da wuya da ƙafafu, ki dafa su ki adana romon. Ki rage magi ki gwada daddawa, sannan ki zaunar da 'yarki kusa da ke ta ga yadda ake kaɗa kuka da romon gaske.